Na Ba Ka Gari: Ƴan Kallo da Fim ɗin da Ya Ƙi Bayani

Duk wanda ya taɓa zama gaban tele tare da jama'a a ƙasar nan, ko a fada ko a tsakar gida, ya san tambayar da ke biyo bayan ƙarshen fim: "To, me yake koyarwa?" Idan na dandalin soyayya ne, amsar ba ta da wuya. Muguwar kishiya ta haukace, ɗan da ya saɓa wa uwa ya tsiyace, mai haƙuri ya dafa dutse ya sha romonsa. Kowa ya tashi ya kakkaɓe riga da darasinsa a aljihu. Amma akwai wani irin fim da idan ya ƙare sai a rasa mai fara magana. Wani ya yi tsaki ya ce an ɓata masa dare, wani ya shiga jero fassara kamar mai bugun ƙasa, wata kuma ta goge ido da gefen mayafi, in ka tambaye ta abin da ya sa ta kuka ba za ta iya faɗa maka ba. A kan waɗannan mutane nake son yin magana, kuma zan riƙe fim guda in auna su da shi, wato Yeelen na Sulaiman Sise, ɗan ƙasar Mali, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a Bamako cikin watan Fabrairun 2025.

Sise ba mutum ba ne da ya saba ɓoye maganarsa. An haife shi a Bamako a 1940, ya koyi aikin fim a babbar makarantar sinima ta Mosko zamanin Tarayyar Sobiyet, ya dawo gida ya yi finafinai masu faɗin abin da ke bakinsu. Den Muso na 1975 labarin wata yarinya bebiya ce da aka yi wa ciki aka wulaƙanta. Hukuma ta hana nuna shi, Sise kansa ya shiga gidan kaso. Baara ya taɓo ma'aikata da mai masana'anta, Finye ya taɓo ɗalibai da gwamnan soja, dukansu biyu kuma sun ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, na farko a 1979, na biyu a 1983. Ke nan wanda ya fitar da Yeelen a 1987 ya riga ya nuna ya iya tsara labari daki-daki, da gangan ya ɗauki wata hanya. Fim ɗin ya ci kyautar alƙalai a bikin Kan na Faransa a wannan shekarar, abin da wani fim na Afirka ta kudu da Sahara bai taɓa samu ba kafin nan.

Da Bambaranci, Yeelen na nufin haske. Ƙashin bayan labarin gajere ne. A wani zamani mai nisa, kafin zuwan Turawa, wani tsoho mai suna Soma, jigo a ƙungiyar asiri ta Komo, yana farautar ɗansa Niyanankoro domin ya kashe shi, saboda ba ya son ilimin da ke hannun dattawa ya fita daga hannunsu. Uwar yaron ta gudu da shi tun yana ƙarami, da ya girma ta tura shi wurin Jigi, tagwayen ubansa, wani makaho da ke zaune a duwatsun ƙasar Dogon. A hanya ya faɗa hannun wani sarkin Fulani, ya taimake shi da asiri ya kori mahara, sarki ya roƙe shi ya yi wa amaryarsa Attu maganin rashin haihuwa. Saurayi ya kasa riƙe kansa, ya kwana da ita, ya zo ya faɗi laifinsa da bakinsa, sarki ya bar masa ita. Daga ƙarshe uba da ɗa suka yi gaba da gaba, uba da taɓaryar tsafi, ɗa da fiffiken Kore, wani katako mai tsarki a wurin Bambara. Haske ya tashi daga kayan biyu ya cinye su duka.

Wanda ya ji wannan zai ce ai tatsuniya ce, ina wahalar fahimta? Wahalar tana cikin abin da ido ke gani. Fim ɗin ya buɗe da ƴan layukan rubutu kan Komo da Kore da taɓarya, daga nan ya sake ka. Ga kaza a rataye tana cin wuta. Ga wasu mutum biyu ɗauke da taɓarya a kafaɗa, ita ke jan su, ba su ke jan ta ba. Ga wata halitta mai kan kura a kan itace tana yi wa saurayi albishir. Ga tsohuwar uwa tsaye cikin ruwa tana zuba wa kanta madara daga ƙwarya, tana roƙo a tsare mata ɗa. A wurin karon ƙarshe uba da ɗa sun daɗe suna kallon juna, hawaye na zubo wa ɗan, sai siffofin dabbobi suka riƙa maye gurbinsu, bijimai, zaki, giwa. Bayan haske ya lafa ƙasa ta koma rairayi. Wani ƙaramin yaro, ɗan da Attu ta haifa, ya tona yashi ya tarar da ƙwai biyu farare kamar na jimina, ya ɗauko ɗaya ya kai wa uwarsa, ta ba shi rigar ubansa da fiffiken nan, ya kama hanya. Nan fim ya tsaya. Babu dattijon da ya fito ya ce ga abin da ƙwan ke nufi.

Na kalli fim ɗin tare da jama'a a wata tsakar gida a Maraɗi. Farin zane aka kafa a bango, aka aro na'urar majigi, mutane kamar talatin, samarin fada da matan gida da tsofaffi biyu ko uku. Fassarar da ke ƙasan allo da Faransanci take, saboda haka ni ke juya maganar zuwa Hausa, aikin da bai gajiyar da ni ba, domin akan yi mintuna ba wanda ya buɗe baki a cikin fim ɗin. Washegari na kai maganar cikin shirina na rediyo, waɗanda suka kalla suka yi ta bugo waya. Abin da na ji daren nan da washegari ya kasu gida-gida, kuma kowane gida yana da gaskiyarsa.

Gida na farko na masu fushi ne. Wani saurayi mai gyaran babur ya ce min: "Malam, ni fa ban ga kan wannan abu ba. Uba ya mutu, ɗa ya mutu, wa ya ci? In mai fim ɗin yana da magana ya faɗa mana mana!" Ban ɗauki wannan fushi a matsayin jahilci ba. Mutumin da ya yini cikin rana ya ba ka awa ɗaya da minti arba'in da biyar na darensa yana da haƙƙin ya tambayi abin da ka ba shi. Abin da na lura shi ne ya ɗauki fim ɗin a matsayin kacici-kacici. Mun san yadda wasan yake tun muna yara. A ce ƙulun ƙulufit, ka yi ta canka, in ka gaza ka ce "na ba ka gari", mai tambaya ya karɓi Damagaram ko Kano, sannan dole ya faɗi amsa. Ƙa'idar ke nan, wanda ya karɓi gari ya ƙi faɗin amsa ya ci amana. Saurayin nan ya ba da gari, ya ba da darensa, aka hana shi amsa, shi ya sa ya ji an cuce shi. Sai dai Sise bai taɓa cewa ƙulun ƙulufit ba. Babu wata amsa da ya ɓoye a aljihu yana dariya. Ƙwan da yaron ya tono shi ne abin da yake da shi, shi ya miƙa.

Wannan ɗabi'a ta jiran amsa koya mana ita aka yi. A lekol, bayan kowane labari akwai tambayar darasi, wanda ya amsa daidai ya sami maki. Finafinan Kano da muka tashi da su suna kare kansu daga masu suka da kalmar faɗakarwa, don haka dole a ƙarshe a ga sakamako a fili. Finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa sun ƙara wani abu: inda jarumi ya yi shiru, mai fassara yakan cike wurin da barkwanci ko bayani, ya gaya maka abin da ke zuciyar mutumin tun kafin ka duba fuskarsa. Sannu a hankali kunne ya karɓe aikin ido. Abin mamaki shi ne kakanninmu ba haka suke ba da labari ba. Sau nawa Gizo ya yi ƙarya, ya ci, ya tsira, kaka ta ce ƙurunƙus kan kusu, ta juya ta yi barcinta, ta bar mu da tsoron dodo da tunanin yarinyar da ta bi ƙwarya cikin kogi? Ba ta taɓa tambayarmu darasi ba, kuma ga shi har yau ba mu manta ba.

Gida na biyu na masu fassara ne, yawancinsu ƴan boko. Wani malamin makaranta ya bugo ya ce ai fim ɗin siyasa ne tsantsa: Soma shi ne Janar Musa Tarawore, wanda ya riƙe Mali daga 1968 zuwa 1991, Komo ita ce jam'iyya mai mulki, Niyanankoro kuma matasan da za su tashi. Ba ƙarya ya yi ba. Mutumin da ya sha ɗauri kan dogon fim ɗinsa na farko yana da dalilin naɗe zancensa cikin tsohon zane, kuma makahon nan Jigi ya yi dogon hasashe kan bauta da wahalar da za su sauka a ƙasar kafin ta farfaɗo. Wani ya ce a'a, rikicin uba da ɗa ne irin na kowane gida. Wani ya ce gargaɗi ne kan ilimin da aka mayar makami, har ya kwatanta hasken ƙarshe da bam ɗin nukiliya. Kowace fassara tana kama wani sashe, amma duba abin da ke faruwa idan ka riƙe guda ka ce ita ce. In Soma Musa Tarawore ne kawai, me ya sa ɗan yake kuka kafin ya ɗaga fiffike? Me ya sa haske bai bar mai gaskiya da rai ba? Me madarar tsohuwa ta zo yi? Fassarar takan zama kamar ƙaramin bargo a daren hunturu, ka rufe kai ƙafa ta fito. Masu fassara ma kacici-kacici suke bugawa, bambancinsu da mai gyaran babur shi ne sun ƙi ba da gari.

Gida na uku shi ya fi tsaya min a rai. Wata tsohuwa da ke zaune a tabarmar baya ba ta ce komai ba har aka naɗe zane. Da na durƙusa na gaishe ta na ce, "Inna, yaya kika ga fim ɗin?" sai ta ce, "Ɗan nan, ni ban san abin da suke cewa ba. Amma matar nan da ke wanka da nono, na san abin da ke cinta." Ta yi shiru, sannan ta ƙara da cewa nata ɗan ya tafi Libiya shekara huɗu ke nan. Ba ta ce madara alama ce ta kaza ba. Ba ta san Komo ba, ba ta jin Bambaranci, ba ta karanta Faransanci. Ta ga uwa da ta rasa abin da za ta yi wa ɗanta sai ta tsaya cikin ruwa ta zubar da abu mafi tsada da take da shi, ta gane. A ganina ita ce ta fi kowa kallon fim ɗin a daren nan, domin ta bar hoton ya iso gare ta kafin ta nemi sunansa. Haka muke da kiɗa ai. Wa ya taɓa tsayar da mai goge ko mai gurmi ya ce masa, wannan juyin da ka yi me yake koyarwa? Tsigar jiki ta tashi, shi ke nan, an biya.

Kada a ɗauka wannan rarrabuwa tamu ce mu kaɗai, ko ta waɗanda ba su yi nisa a karatu ba. A 1975 Andire Tarkofski, wanda ya fito daga makarantar Mosko ɗin da Sise ya shiga bayansa, ya fitar da Zerkalo, wato Madubi. Fim ne da ke yawo tsakanin yarinta da yaƙi da mafarki ba tare da ya sanar da kai ya sauya zamani ba, mace guda ce ma ta fito a matsayin uwar mai labarin da kuma matarsa. Akwai rumbu na cin wuta ana ruwan sama, akwai iska da ke ratsa gona ta kwantar da ciyawa ba tare da wani dalili na labari ba. Hukumomin Sobiyet sun taƙaita nuna shi. Da Tarkofski ya zo rubuta littafinsa kan sana'ar fim, da wasiƙun ƴan kallo ya buɗe shi. Wasu, har da injiniyoyi masu ilimi, sun rubuto cikin fushi cewa ba su gane komai ba, an yi asarar kuɗin jama'a. Wasu kuma, ciki har da ma'aikatan masana'anta, sun rubuto cewa yarintarsu ce suka gani, suna mamakin yadda aka yi ya san ta. Mai gyaran babur da Inna ke nan, a ƙasar ƙanƙara. Takardar shaida ba ita ke raba gidajen nan ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa rashin bayanin Sise ya fi nauyi a wurinmu mu ƴan Nijar. A 1954 Bafaranshen nan Jan Rush ya ɗauki fim a bayan birnin Akra, cikin ƴan ci-ranin da suka fito daga ƙasarmu, mabiya bautar Hauka da ta ɓullo a yankin Filinge cikin shekarun 1920. A Les Maîtres fous ana ganin iskokin gwamna da janar da direban jirgin ƙasa sun hau mutane, kumfa na fita a baki, ana yanka kare ana ci. Daga farko har ƙarshe muryar Rush na bisa hoton tana bayani: wannan kaza ne, wancan yana nufin kaza, har ta kai ga nuna mutanen washegari a bakin aikinsu suna murmushi, da nufin cewa bautar magani ce gare su. Da aka fara nuna shi a Paris, malaminsa Marsel Giriyol ya nemi a lalata fim ɗin, ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata, Ingilishi kuma suka hana nuna shi a Gwalkwas. Daga baya Usman Sambene ya zargi Rush da kallon ƴan Afirka kamar ƙwari. Ga fim mai cikakken bayani, amma bayanin ne ya mayar da mutane abin nazari a cikin kwalba. Sise ya faɗa da bakinsa cewa Yeelen martani ne ga irin waɗannan finafinai na Turawa masu nazarin al'adu. Da ya nuna taron Komo, tsofaffi na waƙa suna tofi suna rantsuwa, bai ɗora murya a kai ba. Ya bar ka a bakin da'ira kamar baƙon da aka yarda ya zauna amma ba a yi masa alkawarin fassara ba. Wannan rashin bayani mutunta mutanen cikin hoton ne.

To amma a yi adalci. Ba duk ruwa mai duhu ke da zurfi ba, wani laka ce kawai. Tun fitowar Yeelen wasu masu sharhi na Afirka suka yi ƙorafin cewa irin wannan fim yana juya wa matsalolin yau baya, yana sayar wa Turawa Afirkar da suke sha'awa, ta tsafi da ƙwarya da faɗuwar rana. Har laƙabi aka yi wa salon, sinimar ƙwarya. Ƙorafin bai dace da Sise ba, amma ya dace da wasu da suka biyo sawu, waɗanda suka gane cewa dogon shiru da tsoho mai kallon nesa suna buɗe ƙofar tallafi da gayyatar bukukuwa. Akwai kuma gida na huɗu cikin ƴan kallo, masu gyaɗa kai don kada a ce ba su waye ba, su fito suna cewa "akwai zurfi" alhali barci suka sha. Waɗannan sun fi mai tsaki illa, domin shi aƙalla ya faɗi abin da ya ji.

Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne, kuma ba ya buƙatar digiri. Na farko, bayan mako guda, akwai hoton da ya ƙi barin ka? Fim ɗin da duhunsa na ƙarya ne yakan wanke daga kai kafin gari ya waye. Mai gyaran babur ɗin nan, da muka haɗu bayan kwanaki, bai sauya ra'ayi ba, amma shi ya fara tayar da zancen taɓaryar da ke jan mutane, ya ce ta yi ta zo masa a rai duk lokacin da ya ga ƴan bangar siyasa. Na biyu, shin kowane abu a cikin hoton yana da nauyinsa, ko an jefa shi ne don ado? A Yeelen ana jin nauyin taɓarya a kafaɗar masu ɗauka, ana ganin tsagewar ƙasa a ƙarƙashin ƙafar matafiyi, ruwan marmaron Dogon yana da sanyin da ake ji a fata bayan doguwar tafiya cikin fari. Mafarki ne, amma an gina shi da laka da itace na gaske. Na uku, shin fim ɗin yana jure kallo na biyu? Kacici-kacici in ka san amsarsa ya mutu. Wannan kuwa ƙara buɗewa yake.

Wannan ma'auni bai wanke Yeelen daga kowane aibi ba. Wata ma'aikaciyar asibiti da ta bugo waya ta ce abin da ya dame ta shi ne Attu: an miƙa ta ga boka, an miƙa ta ga miji, ta haifi magaji, kuma da ƙyar aka ji muryarta. Ta yi gaskiya. Fim ɗin da ke tuhumar dattawa da danne ilimi bai tsaya ya tambayi yarinyar abin da take so ba, kuma kyawun hoto bai goge wannan. Wani dattijo kuma ya ce shi abin da ya hana shi sakewa shi ne yanka da kiran abin da ba Allah ba, da wurin wankan da aka nuna tsiraici. Damuwarsa abin girmamawa ce, kuma duk mai nuna fim ɗin a cikin iyali ya kamata ya san da waɗannan wurare tun da wuri. Abin da na ce masa shi ne, Baba, fim ɗin bai kira kowa zuwa Komo ba, hasali ma ya nuna yadda masu riƙe da ita suka lalace har uba ya nemi jinin ɗansa. Ya ce ya ji, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Na bar shi a kan haka, domin rashin kwanciyar zuciya ma amsa ce ta gaskiya, ta fi gyaɗa kan munafunci.

Ba ina cewa a daina yin fim mai bayyanannen saƙo ba. A shekarar da Yeelen ya ci kyauta a Kan, Sarraounia na Med Hondo ne ya ci babbar kyautar FESPACO, labarin sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Bule da Shanuwan a 1899, wanda aka ɗauko daga littafin Abdullahi Mamani. Wannan fim ne da ke faɗa maka wane ne azzalumi, wace ce jaruma, kuma muna buƙatarsa kamar yadda muke buƙatar tuwo. Ƙasar da ta haifi Umaru Ganda, wanda ya fara cin wannan kyauta a 1972, da Mustafa Alasan, wanda ya yi wa shugabanni ba'a da zanen kwaɗi tun 1966, ba ta rasa masu iya magana a fili ba. Abin da nake tsoro shi ne yaran da ke ɗaukar fim da waya yau a Yamai da Tawa da Damagaram su tashi da imanin cewa duk hoton da ba a iya fassara shi da jimla guda kuskure ne. Yaro zai ga wani abu a mafarki ko a bakin tasha, abin da ya girgiza shi, ya ɗauka, sannan ya yanke shi wurin tacewa saboda ya san za a tambaye shi darasi. Akwai abubuwan da suka same mu a ƙasar nan, fari da yunwa da ƴaƴan da hamada ta haɗiye a hanyar Agadas, waɗanda ba su da darasin da zai shiga jimla guda. In ba mu bar wa masu fim damar nuna su yadda suke ba, da nauyinsu da rashin amsarsu, to sai dai mu yi ta yi musu ƙarya mai daɗin ji.

A sana'ata shiru laifi ne. In daƙiƙa biyar ta wuce ba murya a iska, mai kula da na'ura zai ɗago kai, mai sauraro zai murɗa akwati ya koma wata tasha. An horar da mu mu cike kowane gurbi, kuma na san yadda harshe ke ƙaiƙayi idan wuri ya yi tsit. Shi ya sa nake ganin darajar wanda ya sami hoto da sauti da kuɗin Turawa da ƴan wasa, ya iya cike ko'ina da magana, amma ya bar gurbi domin ɗan kallo ya shigo da nasa kayan. Inna ta shigo da ɗanta na Libiya, malamin makaranta ya shigo da janar ɗinsa, mai gyaran babur ya shigo da fushinsa ya fita da taɓarya.

Shawarata ga mai karatu, in Allah Ya haɗa ka da irin wannan fim, kada ka yi saurin ba da gari, kada kuma ka yi saurin cewa ka canka. Ka kwana da shi tukuna. In gari ya waye ba abin da ya rage, ka yi tsakinka da hujja, ba wanda zai zarge ka. In kuwa ka tashi da ƙwai biyu cikin yashi suna yi maka yawo a ka, to ka riƙe su, naka ne, ko da ba ka san abin da za su ƙyanƙyashe ba. Allah Ya jiƙan Sulaiman Sise, Ya ba na baya ƙarfin halin yin shiru inda shiru ya fi.